Yadda ake maganar gobe da Lojban ba tare da an faɗi abin da ba a nufa ba

Tambaya ɗaya ce masu koyon Lojban, wani ƙirƙirarren harshe da aka gina a kan ƙa'idojin mantiƙi, ke ta dawowa da ita, kowa da irin sigarsa: idan na ce *mi ba klama*, wato zan je, sai kuma ban je ba, ƙarya na yi? Wani ya tambaya ko jimlar gaskiya ce tun lokacin da ta fito daga baki, ko sai ranar da abin ya auku. Wani kuma so yake a nuna masa yadda zai ce "ina sa ran zuwa" ba tare da ya ɗaure kansa ba.

Amsar da aikin yau da kullum ke buƙata ita ce: jimlar da ke ɗauke da *ba* tsurarta da'awa ce a kan duniya, daidai da wadda ke ɗauke da *pu* ta shuɗaɗɗen lokaci. Abin da ya faru ne zai gaskata ta ko ya ƙaryata ta, ba kyawun zuciyar mai magana ba. A Hausa "zan zo" kan ɗauki niyya da alkawari da hasashe a lokaci guda, mai sauraro ne ke rarrabewa daga murya da yanayi. Lojban ta ware wa kowannensu alama, kuma wanda bai sa alamar ba ya yi da'awa ke nan, ko ya so ko bai so ba. Ga yadda ake bin aikin daki-daki.

Kayan aiki

Abu uku kake buƙata, kuma duk kyauta suke a intanet. Na farko ƙamus: jbovlaste ne ya daɗe a matsayin babban rumbun kalmomi, sutysisku kuma ya fi saurin bincike. Na biyu manhajar tantance nahawu, irin su camxes ko jbofi'e, wadda za ka liƙa mata jimla ta nuna maka yadda ta rarrabu. Na uku littafin nahawun harshen, The Complete Lojban Language na John Cowan, wanda ya fito a 1997. Babi na 10 ne ke bayanin lokaci, na 13 kuma alamun ra'ayi da hujja. Ba za ka kashe ko kwabo ba, lokacinka kawai abin zai ci.

Wajen furuci, *c* ta Lojban "sh" ce, alamar ' tsakanin wasula biyu "h" ce, ɗigo kuma ɗan tsayawa ne. Saboda haka *ca* "sha" ake cewa, *ba'a* kuma "baha".

Mataki na 1: Raba idonka da Hausa

Wannan matakin namu ne mu kaɗai, amma tsallake shi na jawo ɓarna. Ƙananan kalmomin da za ka yi aiki da su sun yi kama da namu, ma'anarsu kuwa ta juya baya. *ba* a Lojban lokaci mai zuwa ne, ba korewa ba. *na* ita ce korewa, ba "na tafi" ba. *za* ba ta nufin gaba ko kaɗan, matsakaicin nisa take nunawa. *ko* kuma umarni ce.

*mi ba klama* — zan je.
*mi na klama* — ba na zuwa, ko ban je ba.

Gargaɗi: idon Bahaushe kan karanta waɗannan biyun a juye idan yana sauri. Karanta su da ƙarfi har sai bakinka ya saba kafin ka wuce gaba.

Mataki na 2: Tantance abin da kake son faɗa

Kafin ka rubuta kalma ɗaya, tambayi kanka: idan abin bai faru ba, me zan yarda a ce da ni? Idan ka yarda a ce "maganarka ba ta zama gaskiya ba", da'awa kake yi, *ba* tsura ta ishe ka. Idan abin da za ka ce shi ne "ai niyya na yi", ko "fata nake", ko "cewa na yi mai yiwuwa", to kana buƙatar ƙarin alama, kuma mataki na 6 ne wurinka. Mafi yawan rikicin da ake yi a kan wannan batu daga nan yake farawa: mutum ya rubuta da'awa alhali niyya ce a ransa.

Mataki na 3: Sa *ba* a mazauninta

Alamun lokaci uku ne na asali: *pu* kafin yanzu, *ca* yanzu, *ba* bayan yanzu. Babu wadda ta zama dole. *mi klama le zarci* na iya nufin na je kasuwa, ina zuwa, ko zan je, yanayi ne ke fayyacewa. Idan ka zaɓi sa alamar, mazauninta dab da gaban kalmar da ke riƙe da jimlar, wadda ake kira *selbri*:

*mi ba klama le zarci* — zan je kasuwa.
*le nanmu cu ba klama* — mutumin zai je.

Idan akwai *cu*, mai raba suna da *selbri*, ita ce ke fara zuwa, sannan *ba*. Ana ma iya jefar da *cu* a nan, domin *ba* ta riga ta raba kalmomin biyu. In kuma kana son ɗauke alamar zuwa wani wuri, sai ka rufe ta da *ku*: *ba ku mi klama le zarci*.

Gargaɗi: *ba* da ba a rufe ba takan cafke abin da ya biyo ta, ta koma "bayan kaza". *mi klama ba le zarci* na nufin ina tafiya a bayan lokacin kasuwar, inda za ni kuwa ba a faɗa ba. *ba mi klama* ma haka: "bayan lokacina, wani na tafiya". Dukansu daidai suke a nahawu, don haka babu manhajar da za ta tsawatar maka.

Mataki na 4: San iyakar abin da ka yi da'awa

*ba* na cewa akwai wani lokaci a gaba da abin yake gaskiya. Iyakarta ke nan. Ba ta cewa abin bai fara ba tukuna. *le tricu ba crino*, bishiyar za ta kasance kore, gaskiya ce ko da bishiyar kore shar take a yanzu, muddin dai ta ci gaba da zama haka. Idan sauyi kake nufi, sai ka ƙara *co'a*, alamar farawa: *le tricu ba co'a crino*, za ta fara yin kore.

Akwai kuma wata kafa da ba kowa ke lura da ita ba. Nahawun Lojban ya bar jimla a buɗe tsakanin abin da ya auku a zahiri da abin da ke iya aukuwa, matuƙar ba a sa alama ba. Yawancin masu sauraro za su ɗauki *mi ba klama* a matsayin zuwa na zahiri, amma mai neman mafita zai iya cewa iyawa yake nufi. Inda magana ke da nauyi, toshe kafar:

*mi ba ca'a klama* — zan je, zuwa na zahiri.
*mi ba ka'e klama* — zan kasance mai iya zuwa.

Jimla ta biyu na nan a kan gaskiyarta ko da ban ɗaga ƙafa ba. Tsarin jeri kuma kullum alamar lokaci ce ke fara zuwa, *ca'a* ko *ka'e* su biyo baya.

Mataki na 5: Yanka wa'adi

Nan ne gizo ke saƙa. *mi ba klama* ba ta da ranar ƙarewa. Zuwa ɗaya tak ya isa ya gaskata ta, ko gobe ko bayan shekara ashirin, kuma ba mai iya cewa ta zama ƙarya sai ranar da zuwan ya gagara har abada. Jimlar da ba a iya kama ta da ƙarya ba ta gaya wa mai sauraro abin kirki ba. A ganina wannan ne babban aibin da ke cikin rubutun masu koyo, ya ma fi kuskuren nahawu, domin mai karatu kan ɗauka an faɗa masa wani abu alhali hannunsa wayam.

Hanya mafi sauƙi ita ce alamun nisa: *zi* kusa, *za* matsakaici, *zu* nesa. *ba zi carvi*, za a yi ruwa nan ba da jimawa ba. Sai dai waɗannan ba su da awo. *zi* a bakin mai jiran ruwa ya tafasa daƙiƙu ne, a bakin masanin taurari kuwa tana iya zama ƙarni. Suna rage faɗin maganar amma ba sa yanka mata wa'adi.

Don wa'adi na gaske, yi amfani da halin nan na cafke abin da ya biyo baya, wanda muka yi gargaɗi a kansa a mataki na 3, yanzu da gangan:

*mi klama ca lo bavlamdei* — zan je gobe.
*mi klama ba lo nu do cliva* — zan je bayan ka tashi.
*mi ba klama pu lo nu do cliva* — zan je kafin ka tashi.

Kwanan wata da shekara *de'i* ke ɗaukarsu. Ga misalin da'awar da ta cancanci a faɗe ta kai tsaye: tauraruwar nan mai wutsiya ta Halley ta kusanci rana a 1986, lissafin masana kuma ya nuna za ta sake kusantowa a 2061. Idan muka kira ta *la .xalis.*, sai mu ce:

*la .xalis. ba jibni le solri de'i li 2061*

Dubi abin da ya sa jimlar ta tsaya da ƙafarta. An faɗi abin da zai faru, an faɗi shekara, kuma idan 2061 ta wuce kowa na iya yanke hukunci ba tare da ya tambayi mai maganar abin da ke ransa ba.

Gargaɗi: *lo bavlamdei* daga ranar magana ake ƙirga ta. A rubutun da za a karanta bayan kwanaki, sa cikakken kwanan wata.

Mataki na 6: Sa alamar niyya, fata, tsammani ko alkawari

Waɗannan ƙananan kalmomi ne da ake sawa a farkon jimla domin su shafe ta gaba ɗaya. Ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma bambancinsu shi ne zuciyar wannan jagora.

*.ai mi ba klama* — niyyata in je. A nan ba ka ce zuwan zai auku ba, ka bayyana ƙudurinka ne. Idan hanya ta toshe, jimlar ba ta zama ƙarya ba. Abin da kawai za a iya tuhumarka da shi shi ne idan tun farko babu niyyar a ranka.

*.a'o ba carvi* — da fatan a yi ruwa. *.au* kuma so ne: *.au do ba klama*, ina ma ka zo. Waɗannan ma sun ɗauke jimlar daga sahun da'awa.

Kada ka ɗauka kowace alamar ra'ayi haka take. *.ui do ba klama* na cewa za ka zo, kuma ina murna. Da'awar tana nan daram, murna ce kawai aka ɗora mata. Littafin nahawun da kansa ya yarda cewa iyakar da ke tsakanin rukunin biyu ba a zane take da kyau ba, don haka idan ka yi shakkar wata alama, faɗi maganar da cikakkiyar kalma: *mi pacna lo nu ba carvi*, ina fatan a yi ruwa. Wannan da'awa ce a kan fatanka na yanzu, ba a kan girgije ba.

Sai *ba'a*, wadda ke nuna inda ka samo maganar: tsammani. *ba'a ba carvi*, ina sa ran ruwa. Tana da 'yan uwa biyu da ke nuna yadda tsarin yake: *ba'a cu'i* ina cikin ganin abin, *ba'a nai* ina tunawa da shi. Idan labarin a bakin wani ka ji, *ti'e* ce ta dace. Idan lissafi ne ya kai ka, *ja'o*. Idan ra'ayinka ne, *pe'i*. Amfaninsu shi ne mai sauraro ya san nauyin da zai ɗora wa maganar.

Don ƙarfin tabbaci akwai *la'a*, mai yiwuwa, da *ju'o*, tabbas. Ana ƙara musu *sai* don ƙarfafawa, *ru'e* don sassautawa, *nai* don juyawa: *la'a sai* da kyar in bai faru ba, *la'a ru'e* ƙila dai, *la'a nai* da wuya.

Gargaɗi: *ju'o* ba ta ƙara wa jimla gaskiya. *ju'o ba carvi* na nuna ka tabbata a ranka, idan kuwa ba a yi ruwan ba, kuskurenka ya ƙara fitowa fili ne kawai.

Idan kana son yiwuwar kanta ta zama abin da ake da'awa a kai, mayar da ita *selbri*:

*lo nu ba carvi cu cumki* — yin ruwa abu ne mai yiwuwa.
*lo nu ba carvi cu lakne* — yin ruwa ya fi rashinsa kusa.
*lo nu carvi ca lo bavlamdei kei cu pize cu'o* — yiwuwar ruwa gobe 0.7 ce.

A ta ƙarshen *kei* na rufe abin da *nu* ta buɗe, *pi* ɗigon lissafi ne, *ze* bakwai, *cu'o* kuma ita ke mayar da lambar yiwuwa tsakanin 0 da 1. Rana ɗaya da ta wuce ba ruwa ba ta ƙaryata wannan jimlar. Ana auna mai irin wannan magana ne da tarin hasashensa: a cikin ranakun da ya ce 0.7, an yi ruwa a kusan bakwai cikin goma?

Alkawari kuwa kaya ne, kuma hanyoyinsa biyu. *mi nupre lo nu mi ba klama kei do*, ina yi maka alkawarin zan zo: wannan gaskiya ce da zarar an ɗauki alkawarin, ko an cika ko an saɓa. Wanda ya saɓa ya karya alkawari, jimlar dai ba ta zama ƙarya ba. Hanya ta biyu ita ce *nu'e*, wadda da ita ake ƙulla alkawarin kai tsaye.

Gargaɗi: *nu'e* 'yar gidan su *coi* (sannu) ce, kalmomin kiran mutum, don haka takan haɗiye sunan da ya biyo ta. *nu'e mi ba klama* ta mayar da *mi* wanda ake yi wa alkawarin, ta bar jimlar ba mai zuwa. Rubuta *nu'e do'u mi ba klama*, inda *do'u* ke rufe kiran, ko ka sa sunan mutumin: *nu'e .salim. mi ba klama*.

Wani gargaɗin kuma a kan mazauni: irin su *.ai* da *la'a* kan manne wa kalmar da ta gabace su. *mi la'a ba klama* ta karkata zuwa "mai yiwuwa ni ne zan je". In dukan jimlar kake nufi, sa alamar a farko, ko dab da bayan *.i* mai raba jimloli.

Mataki na 7: Bambanta "za a yi" da "ana gab da yi"

*pu'o* na nuna ana tsaye a bakin abu kafin ya fara. *ca pu'o carvi*: hadari ya haɗu, iska ta taso, ruwa na gab da sauka. Magana ce a kan halin da ake ciki yanzu, kuma yadda masu harshen ke amfani da ita, hadarin na iya watsewa ba tare da ta zama ƙarya ba. *le verba pu pu'o farlu*, yaron ya kusa faɗuwa, tana zaune lafiya da cewa wani ya tare shi.

Kishiyarta *ba'o* ce, bayan abu ya wuce. *mi ba ba'o citka*, a wani lokaci a gaba zan kasance na riga na ci.

Gargaɗi: kamannin kalmomin na ruɗarwa. *pu'o* ta yi kama da *pu* amma abin yana gaba, *ba'o* ta yi kama da *ba* amma abin ya wuce. Dalili shi ne matsayinka suke faɗa dangane da abin: kana kafinsa, ko kana bayansa.

Ana kuma jera alamun lokaci, a karanta su daga hagu zuwa dama kamar tafiya zango-zango. *pu ba* ita ce ka koma baya, sannan daga can ka yi gaba. *mi pu ba klama* ba ta faɗi ko zuwan ya riga ya auku ko har yanzu yana tafe ba, domin ba a faɗi tsawon kowane zango ba.

Mataki na 8: Korewa

*mi na ba klama* — ba gaskiya ba ne cewa zan je. Littafin 1997 ya ce *na ba* da *ba na* ma'anarsu ɗaya. Masu harshen da yawa a yau kuwa suna karanta su bi da bi daga hagu: *na ba* babu wani lokaci a gaba da zan je, *ba na* akwai wani lokaci a gaba da ba na zuwa. Ta biyun kusan kullum gaskiya ce, ko da barci kawai nake a lokacin. Tunda ba ka san wace fahimta mai karatunka ke bi ba, tsaya a kan *na ba*, ko ka fito da adadin a fili da *roi*:

*mi ba noroi klama* — ba zan taɓa zuwa ba.
*mi ba paroi klama* — zan je sau ɗaya tak.
*mi ba su'oroi klama* — zan je aƙalla sau ɗaya.

Lura da yadda hukuncinsu ya bambanta. Zuwa ɗaya ya isa ya rusa *noroi*, amma ba a tabbatar da ita sai wa'adi ya ƙare. Zuwa ɗaya ya isa ya tabbatar da *su'oroi*. *paroi* kuwa lamba ce cif, zuwa na biyu na ƙaryata ta kamar yadda rashin zuwa ke yi.

Mataki na 9: Sharaɗi

*ganai ba carvi gi mi ba stali* — idan za a yi ruwa, zan zauna. Wannan haɗi na mantiƙi ne zalla, kuma hali ɗaya ne kawai ke ƙaryata shi: a yi ruwan, ni kuma in ƙi zama. Idan ba a yi ruwa ba, jimlar gaskiya ce ko na zauna ko na fita. Wanda ke nufin "in an yi ruwa in zauna, in ba a yi ba in fita" sai ya canza zuwa *go ... gi*: *go ba carvi gi mi ba stali*.

Gargaɗi: *ba* biyun nan ba lallai lokaci ɗaya suke nufi ba. Ruwa a baɗi da zama a gobe sun cika sharaɗin. Ɗaure su wuri ɗaya da *mi ba stali ca lo nu carvi*, zan zauna lokacin da ake ruwa, ko *mi ba stali va'o lo nu carvi*, a yanayin ruwa. Ƙara *da'i* bayan *nu* idan kana son nuna cewa ƙaddarawa kake yi, ba ka ce ruwan na tafe ba. Kuma *ganai ... gi* ba ta cewa ruwan ne dalilin zaman; dalilin da ya motsa mutum *mu'i* ke ɗaukarsa.

Mataki na 10: Maganar wani da dogon shiri

Alamar lokaci da ke cikin ƙaramar jimla daga lokacin babbar ake auna ta.

*la .salim. pu cusku lo se du'u ba carvi* — Salim ya ce za a yi ruwa.

*ba* ɗin nan gaba ce daga lokacin da Salim ya yi magana. Wataƙila ruwan ya riga ya sauka jiya. Kai mai ba da labari kuma ba ka yi da'awar komai a kan ruwa ba: jimlarka gaskiya ce idan ya faɗa, ko da sama ba ta zubo da ɗigo ba. Idan kana son dawo da awo zuwa nan da yanzu na mai magana, *nau* ke yin wannan.

Wajen rubuta dogon shiri, maimaita *ba* a kowace jimla na gajiyarwa. *ki* na kafe lokacin: *mi ba ki klama le zarci*, daga nan duk jimlolin da suka biyo suna can gaba har sai ka sake shi da *ki* ita kaɗai, misali *ki ku*.

Gargaɗi biyu a nan. Bayan *ba ki*, duk *pu* da ka rubuta daga wancan lokacin na gaba take komawa baya, don haka tana iya zama har yanzu ba ta zo ba. Sannan *.i ba bo* "daga nan sai" take nufi, wato bayan abin da jimlar baya ta faɗa. A labarin jiya, abin da ya biyo ta shi ma jiya ne.

Mataki na 11: Tambaya da amsa

*xu do ba klama*, za ka zo? Amsa da *go'i* na maimaita jimlar da lokacinta, wato ka ɗauki cikakkiyar da'awa. *na go'i* a'a. In ba ka son ɗaure kanka, *.ai go'i* ko *la'a go'i*. "Yaushe" kuma *ca ma*: *do klama ca ma*. Rashin sani shi ma yana da sigarsa: *mi na djuno lo du'u xu kau ba carvi*, ban san ko za a yi ruwa ba. Umarni irin *ko ba klama* ba ya shiga awon gaskiya da ƙarya, bi ake yi ko a ƙi.

Mataki na 12: Tantance da manhaja

Liƙa jimlarka, kada ka tsaya a kan cewa ta wuce. Dubi bakan da manhajar ta zana: *ba* na tare da *selbri*, ko ta rungumi wani suna? *mi* na waje, ko *nu'e* ta haɗiye ta? *lo nu* ta rufe inda kake so, ko ta ja sauran jimlar ciki saboda ka manta *kei* ko *cu*? Manhajar tsari kawai take gani, ma'ana aikinka ce.

Mataki na 13: Yanke hukunci idan lokaci ya yi

Wa'adi ya cika, sai a koma kan maganar. Kalmomin da ake buƙata kaɗan ne, amma kada a cakuɗa su. *jetnu* gaskiya da *jitfa* ƙarya sifofin magana ne: *la'e di'u cu jitfa*, abin da aka faɗa ɗin nan ba haka yake ba. *srera* kuskure da *tcica* yaudara kuwa aikin mutum ne. Wanda ya ce *ba carvi ca lo bavlamdei* da zuciya ɗaya, goben ta zo ba ruwa, maganarsa *jitfa* ce, shi kuma *pu srera*. Ba a ce masa *pu tcica* sai idan ya faɗa ne don ya sa ka yarda da abin da shi bai yarda da shi ba. Wannan ce amsar mai tambayar farko: jimlarka ta zama ba gaskiya ba, amma zama maƙaryaci wani abu ne daban da ke komawa ga abin da ke ranka lokacin da ka faɗa.

Saura tambayar ko maganar gaskiya ce tun ranar da aka faɗe ta. Tsohuwar muhawara ce. Aristotle, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ya kawo ta da misalin yaƙin teku da za a yi ko ba za a yi gobe ba, Jan Łukasiewicz, masanin mantiƙi ɗan ƙasar Poland, kuma ya gabatar da mantiƙi mai daraja ta uku a 1920, banda gaskiya da ƙarya, saboda irin waɗannan jimloli. Nahawun Lojban bai ɗauki ɓangare ba, kuma ina ganin daidai ya yi, domin ba aikin nahawu ba ne. Abin da ya ba ka shi ne hanyar faɗin kowane matsayi a fili. Mai ganin cewa gaskiyar tana nan tun yanzu, mu ne dai ba mu sani ba, zai ce *lo du'u ba carvi cu ca jetnu*. Mai ganin sai abin ya auku take tabbata zai ce *lo du'u carvi cu ba jetnu*. Bambancin yana wurin da aka ajiye alamar lokacin, a kan *carvi* ko a kan *jetnu*. Kuma *jetnu* na da gurbi na biyu, na ma'aunin da aka yi hukunci da shi, don haka idan kai da abokin maganarka kun saɓa a nan, cike wannan gurbin kafin ku ci gaba: *jetnu* bisa lissafin masana, ko bisa abin da ido ya riga ya gani.